Masu Hamada Suna Sayar Mana da Gishiri, Mu Muna Zaune a Kan Namu

A gaɓar tekun Atlantika, can kudu maso yammacin Afirka, akwai wani gari da ake kira Walvis Bay a ƙasar Namibiya. Ta gabas yashi ne iya ganinka, ta yamma kuma teku. Ruwan saman da yake samu a shekara guda bai kai milimita 25 ba, abin da garin Lafiya kan samu a yammaci ɗaya cikin watan Agusta.

Daga wannan gari ake loda ɗanyen gishiri a jiragen ruwa zuwa ƙasashe, kuma Nijeriya tana sahun gaba a cikin masu saye. A sauke a Legas, a tace, a ɗura a leda, tirela ta hauro da shi Arewa, mu kuma mu sa hannu a aljihu mu saya.

Keana kuwa, inda mata suke dafa gishiri tun kafin a kafa garin Lafiya, ba ta kai kilomita 100 daga nan Shabu ba. Awe ma tana da nata. To wane irin sakaci ne zai sa mai hamada ya tsallako teku ya ciyar da mai rijiyar gishiri a bayan ɗakinsa?

Wannan abin kunya ne, kuma akwai masu alhakinsa. Sun san kansu, mu ma mun san su.

Tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ciro Jihar Nasarawa daga Filato, aka laƙaba mata kirarin gidan ma'adinai. Kirarin yana kan lambar mota, yana bakin kowane mai riƙe da muƙami idan ya samu lasifika. Kuma gaskiya ne. Akwai kuza a Udege, akwai dutsen barait a Azara, akwai kwal a yankin Obi, ga litiyam da duniya take rububinsa yanzu a ƙaramar hukumar Nasarawa. Ga kogin Binuwai ta kudu, ga Mada, ga damina mai tsawon wata shida zuwa bakwai.

Shekara kusan talatin ke nan ana wannan kirari. Ina amfaninsa a jikin talaka?

A je Keana a ga yadda ake yi. Mace za ta ɗebo ruwan gishiri daga tafki, tulu a ka, ta yayyafa a kan filin da ta share, ta jira rana ta busar. Ta kankare ƙasar da gishirin ya kama, ta zuba a tukunyar da aka huda ƙasanta, ta ƙara ruwa ya tsiyaye. Daga nan sai murhu. Ta zauna gaban wuta, hayaƙi yana cin idonta, itacen da ta saya da tsada yana ƙonewa, har ruwan ya ƙafe farin gishiri ya fito. Haka kakarta ta yi, haka ita ma take yi a zamanin da ake aika kuɗi ta waya.

Wannan sana'a ce ta kafa garin. Al'ummar Alago suna da bikin Oyarore domin girmama ta, a ƙarƙashin Osana na Keana. Ranar biki manya kan zo da jerin gwanon motoci, a yi jawabi, a yaba wa mata, a ɗauki hoto, a watse. Washegari matar nan ta koma gaban murhunta.

Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya sinadarin aidin a gishirin ci. Ma'ana, gishirin da bai bi ta wannan hanya ba ba zai shiga manyan kantuna ba. Shin nawa ne kuɗin kafa ƙaramar ma'aikata mai tacewa, ta sa sinadarin, ta ɗura a leda mai sunan Keana, ta kuma ɗore tana aiki? Ya kai kuɗin motocin da ake saya wa manyan jami'ai a shekara ɗaya? Wanda ya san kasafin kuɗi ya ba mu amsa.

Mu koma can gaɓar hamada mu ga abin da marasa ruwa suka yi.

Namibiya ta samu 'yanci a 1990, wato shekara shida kacal ta girmi jiharmu. Ita kanta Walvis Bay sai a 1994 Afirka ta Kudu ta miƙa mata. Mutanen ƙasar duka ba su wuce miliyan uku da 'yan kai ba. Suna janyo ruwan teku cikin manyan fadamu, rana da iska su busar, su kwashe gishiri dubban ɗaruruwan tan a shekara. A cikin hamadar, kusa da garin Swakopmund, akwai mahaƙar yuraniyom ta Rössing da take aiki tun 1976. Da ruwa ya yi ƙaranci, a 2010 aka gina ma'aikatar tace ruwan teku a gaɓar.

Yashin ma bai tsira ba, sun mai da shi haja. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tudun yashin Namib cikin wuraren tarihi na duniya. Kafin annobar korona, baƙi fiye da miliyan ɗaya suke shiga ƙasar duk shekara, da yawansu don su hau tudun yashi su kalli fitowar rana, su biya masauki, su biya ɗan jagora, su ci abinci.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne dokar da suka yi a 1996, shekarar da aka haifi Nasarawa. Dokar ta ba mutanen karkara ikon kafa ƙungiyoyin kula da dazukansu da namun dajinsu, su kuma ci moriyar kuɗin da baƙi suke kawowa. Yau akwai irin waɗannan ƙungiyoyi fiye da 80. Ɗan ƙauye ya daina kallon giwa a matsayin nama kawai, domin ya san albashin ɗansa yana tattare da ita.

Namibiya ba aljanna ba ce. Akwai talauci, akwai rata mai faɗi tsakanin mai shi da marar shi. Amma sun ɗauki ɗan abin da Allah ya ba su da muhimmanci. Mu fa?

Muna da Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba. Ruwa ne yake zubowa daga tsaunukan Filato, tsayin kimanin mita 150. Mashahurin ruwan nan na Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabwe, wanda Turawa suke kashe dubban daloli don gani, tsayinsa mita 108 ne. Namu ya fi shi tsawo.

Wanda ya yi niyyar zuwa Farin Ruwa da damina, lokacin da ruwan ya fi kyan gani, shi zai ba da labarin hanya. Kwalta ta ƙare, laka ta karɓa, mai ƙaramar mota ya ajiye ta ya nemi ɗan acaɓa, daga baya shi ma ɗan acaɓan ya sauke shi ya ƙarasa da ƙafa. Idan ya isa, ina zai kwana? Ina zai ci abinci? Idan ya zame a kan dutse ya karye, wa zai ɗauke shi?

Tun zamanin gwamnatin farar hula da ta hau a 1999 aka fara aikin madatsar ruwa da tashar lantarki a wajen, aka kuma gina ɗakunan saukar baƙi. Ɗakunan sun lalace, ciyawa ta rufe su. Aikin lantarkin ya shafe shekaru yana tafiyar hawainiya, gwamnati tana miƙa wa gwamnati. Yaron da aka haifa ranar da aka aza harsashin yanzu ya yi aure.

Kuɗin jama'a ne aka binne a can. Wa aka tuhuma? Wa ya fito ya ba da haƙuri? Babu.

Haka labarin yake ko'ina ka duba. Tafkin Hunki da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Akiri a Awe. Tafkin Peperuwa a nan ƙasar Lafiya. Duwatsun Eggon da duk matafiyi yake hangowa tsakanin Akwanga da Lafiya. Dutsen Ara. Garin Keffi da tarihin Magaji Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, abin da Turawa suka fake da shi suka auka wa Kano a 1903. Sunayen nan duka suna cikin ƙasidun da ake rabawa a tarukan masu zuba jari. A ƙasa kuwa, wasunsu ko allon da zai nuna maka hanya babu.

Madatsar ruwa ta Doma an gina ta ne domin noman rani. Ruwa yana kwance shekara da shekaru, matasan da ya kamata su yi noman suna Mararraba suna tura baro. A Rukubi, cikin wannan ƙaramar hukuma ta Doma, kamfanin Olam ya kafa gonar shinkafa, aka buɗe injin casarsa a 2014, yana nomawa yana sayarwa. Ashe ƙasar ba ta da laifi. Laifin na masu riƙon ne.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne fuska biyu. Mutanen da suka kasa gyara hanyar Farin Ruwa su ne suka fi kowa sanin hanyar Dubai. Dubai ɗin nan mene ne in ba hamada a bakin teku ba? Can suke hutu, can suke sayayya, can suke sayen gidaje. Su biya kuɗi a ɗora su a raƙumi, su ɗauki hoto a kan yashi, su dawo suna yaba wa hangen nesan Larabawa. Idan sun sauka, sai su ce tafiyar ta neman masu zuba jari ce.

Wane mai zuba jari ne zai zuba dukiyarsa a wurin da mai wurin bai taɓa takawa ba? Cikin waɗanda aka ɗora wa kula da yawon buɗe ido tun 1996, nawa ne suka taɓa kai iyalinsu Hunki su yini? Mutum ya raina abin gidansa, sannan yana jiran baƙo ya girmama masa shi?

A zo nan Shabu a tsaya bakin titin Akwanga da yamma. Tirela ce bayan tirela. Wannan doya, waccan buhunan riɗi, ta bayanta gawayi an labta har ya fi ƙarfin mota, dazukanmu ne suke tafiya a ƙone. Yara suna bin motocin da farantin gyaɗa da ruwan leda a ka, suna tsallake tayoyi don cinikin da bai kai ya kawo ba. Abin da yake faɗo mana ke nan daga dukiyar da take wucewa.

A wannan garin ne Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa take. Duk shekara tana yaye matasa da suka san yadda ake tatsar man riɗi da yadda ake adana doya. Kayan suna wucewa ta gabansu ɗanye, su kuma suna riƙe da takardar shaida suna neman wanda zai sa musu hannu. Riɗin Doma sai ya je wata ƙasa ake tatse shi, ribar ta tsaya can.

An mai da titin Keffi zuwa Makurɗi tagwaye, madalla. An buɗe filin jirgin sama a Kwandere a watan Fabrairun 2022 da sunan jigilar kaya. Wane sarrafaffen kaya muka tanada da za a loda? Layin dogon da ya ratsa Lafiya tun zamanin Turawa yana nan ya yi tsatsa. Hanya ba ta kawo arziki ga wanda ba shi da abin da zai ɗora a kanta sai ɗanyen kaya.

Yanzu kuma ga litiyam, ma'adinin da ake yin batirin waya da na mota da shi. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi ta kamfanin Avatar a ƙaramar hukumar Nasarawa, aka ce za ta iya sarrafa tan 4,000 a rana. Wannan mataki ne, ba mai musu.

Amma a watan Disambar 2024, kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna wa duniya abin da yake faruwa a ƙauyen Pasali. Yara ƙanana, waɗanda ya kamata a ce suna aji, suna zaune a ƙasa suna fasa dutse suna tsince ma'adini a mahaƙun da ba su da lasisi. Manya suna sauka ramuka masu zurfi ba hular kwano, ba komai. Dillalai suna saye ba tambaya.

Sai da baƙo ya zo da kyamara aka sani? Babu mai unguwa a wajen? Babu dagaci, babu hakimi, babu kansila, babu shugaban ƙaramar hukuma? Buhunan nan ta sama suke tashi, ko ta shingayen bincike suke wucewa? Duk wanda ya karɓi na goro ya kau da kai, da hannunsa a cikin duk ramin da ya rufta da ɗan wani.

Ba yau muka fara ganin ƙarshen irin wannan ba. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. A Filato, Turawa sun kwashe kuza sun bar kududdufai da har gobe suke cin mutane da dabbobi. Udege ma ta ɗanɗana. Wanda ya ga wannan duka bai ɗauki darasi ba, ba rashin sani ke damunsa ba, rashin tausayi ne.

Uzurin nasu mun haddace shi. Za su ce ma'adinai na gwamnatin tarayya ne. Haka ne, tsarin mulkin 1999 ya faɗi haka. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna bisa amana. Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta wajabta wa duk kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'ummar da yake haƙa a ƙasarta kafin ya fara aiki. Ina waɗannan yarjejeniyoyi? Wa ya sa hannu a madadin jama'a? Me ya hana a karanta su a dandali kowa ya ji? Makarantar firamare da yaran Pasali suka bari, ita ma ta tarayya ce?

Za su ce babu kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kason da jihohi suke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Talaka ne ya biya wannan ƙari da cikinsa. Kuɗin biki da na rakiya da na tallan fuska a alluna ba su taɓa yankewa ba.

Za su ce rashin tsaro ne ya kori baƙi. To aikin wa ne tsaron? Wurin da aka bari ba hanya, ba wuta, ba jami'i, dole ɓata-gari su mai da shi gida. Su suka bar dajin, sannan suna kuka da abin da ya shiga ciki.

Za su ce mu ba mu da teku. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar da cewa teku ya taɓa malale kwarin Binuwai miliyoyin shekaru da suka wuce, shi ya bar mana gishirin Keana da Awe. Kasuwa kuwa, ga Abuja jingine da kafaɗarmu, cike da masu kuɗi da baƙin ƙasashe da suke neman inda za su huta ranakun Asabar da Lahadi. Mutanen Namibiya sai sun jira baƙo ya yi tafiyar sa'o'i goma a jirgin sama. Namu baƙin mota kawai za su hau.

A watan Maris na 2023 aka ƙaddamar da haƙar rijiyar mai ta Ebenyi a ƙaramar hukumar Obi, aka yi ta murna. Wanda ya kasa riƙe gishiri, yaya zai yi da fetur? Barait ɗin Azara da ake amfani da shi wajen haƙar rijiyoyin mai, shekaru Nijeriya ta yi tana sayo irinsa daga waje, alhali namu ana haƙarsa da diga da shebur ana sayarwa a wulaƙance. A tambayi mutanen Neja Delta abin da mai yake yi wa ƙasar da ba ta da masu kishinta.

A watan Yunin 2023 Namibiya ta hana fitar da ɗanyen litiyam daga ƙasarta. Zimbabwe ta riga ta tun Disambar 2022. Sun gane cewa ma'adini ba gero ba ne da za a sake shukawa baɗi. Abin da tifa ta ɗauka ya tafi har abada.

Jama'a, mu ma ba mu kuɓuta ba. Uban da ya cire ɗansa daga aji ya tura shi rami, talauci ya matsa masa, gaskiya ne, amma ya sayar da goben yaron da kuɗin cefanen yini ɗaya. Mai gonar da ya miƙa gadon kakanninsa ga mai haƙa ba rubutu ba shaida, me zai bar wa jikokinsa in ban da rami? Ɗan bokon da ya san sunan kowane kanti a Dubai amma bai san hanyar Wamba ba, da wane baki zai zagi gwamnati? Malaman da suke da mumbari duk Juma'a da duk Lahadi, sau nawa suka yi wa mahukunta nasiha a kan wannan amana?

Mu ne kuma muke tafi ranar aza harsashi. Mu ne muke karɓar taliya da atamfa ranar zaɓe, mu manta da tambaya shekara huɗu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ake nema ba ya bukatar wani sabon kwamiti. A kai kwalta Farin Ruwa, a sa tsaro, a damƙa masaukin ga masu iya riƙewa, mutanen yankin su samu kasonsu a rubuce. A kafa wa matan Keana da Awe ma'aikatar da za ta raba su da hayaƙi, su ne masu hannun jari a ciki. A wallafa sunan duk kamfanin da yake haƙa a jihar nan, da inda yake haƙa, da abin da ya biya, da alkawarin da ya ɗauka. A fitar da yara daga ramuka a mai da su aji. Basaraken da aka samu da hannu a haramtacciyar haƙa a tuɓe masa rawani, jami'in da ya karɓi cin hanci a gurfanar da shi. A kuma faɗa wa jama'a nawa aka kashe a duk aikin da aka yi watsi da shi tun 1999, da sunan wanda ya karɓi kwangilar.

Masu neman ƙuri'a suna nan tafe, za su shigo Shabu da Keana da Wamba da Udege da kiɗa da alkawari. Kada a tambaye su abin da za su yi, mun ƙoshi da wannan. A tambaye su abin da suka yi da wanda aka riga aka damƙa musu. Wanda ya kasa nuna aiki a ƙasa, a juya masa baya ko ɗan gidanmu ne. Idan muka sake sayar da wannan tambaya da ƙullin taliya, to ramukan da za a bar wa 'ya'yanmu da hannunmu muka haƙa su.